Yadda zaka sa ruwa ko hayaƙi ya bi layin da ka zana a Blender

Salamu alaikum 'yan uwa masu aikin 3D. Wanga bayani na daɗe ina son rubuta shi, tun wani aiki da na yi ma wani Elhaji mai saida zoɓo da lemun kwalba nan Maradi. Ya zo da bidiyon talla cikin salularshi ya miƙo min ya ce "ɗana irin wanga nika so, zoɓon ya fito ya rubuta sunan shago a iska, sannan ya zube cikin kofi". Na ce mishi to Baba in sha Allahu. Aikin ya ci min kwanaki, kuma kusan duka kwanakin sun tahi ne wurin abu guda, wato yadda zaka hana ruwan fitowa inda ya ga dama da lokacin da ya ga dama, ka tilasta mishi bin layin da ka zana. Shi ne nike so in sauƙaƙa ma wanda zai zo bayana.

Da Blender zan yi bayanin dan shi ne a hannun yawancinmu, kyauta ne tun 2002, kuma tun siga ta 2.82 da ta fito a 2020 injin da ke lissafin ruwa da hayaƙi cikinshi shi ne Mantaflow. Sunayen maɓallai zan rubuta su yadda suke kan ekran da Turancin Ingilishi saboda ka iya gano su. Na san wasu cikinmu sun maida nasu Faransanci, to dan Allah ko na yau kaɗai ka shiga Preferences wurin Interface ka maida shi Ingilishi, in ba haka ba zamu riƙa saɓani a sunaye.

Abu na farko da ya kamata ya zauna maka a kai, layi shi kanshi baya zubar da ruwa. In ka zana layi mai lanƙwasa ka je wurin Physics kana neman Fluid ba zaka ganshi ba sam, sai ga abu mai jiki, wato mesh, ake bada shi. Layin hanya ce kawai. Saura kai ka zaɓi mi kake so hanyar ta yi maka, kuma ni dai iri uku na sani, duk mun sansu a gida. Akwai na buta, kamar yadda inna ke yayyafa ruwa a tsakar gida da safe kafin shara, bakin buta guda ne amma tana tahiya dashi, sai ruwan ya bar sawu a ƙasa. Akwai na tiyo mai huji irin na masu lambu a bakin gulbi, tiyon na kwance wuri guda kuma duk tsawonshi yana ɗiga. Sannan akwai na kwata irin magudanan noman rani na Jiratawa, ruwan daga wuri guda yake fitowa amma bangon magudana ne ke kai shi inda ake so. Mutane da yawa suna wahala ne dan suna son sakamakon buta amma suna ta kokawa da saitin kwata, ko akasin haka. Kafin ka taɓa komi ka tambayi kanka wanne daga ciki bidiyon ke buƙata. Rubutun Elhaji buta ne a farko, ɗan riƙo a tsakiya, zubewa a ƙarshe.

To kafin buta sai akwati. Ruwa baya wanzuwa sai cikin akwatin da ake kira domen, wato kube da ka ba Fluid irin Domain, kuma akwatin a yayyanke yake ƙananan ɗakuna kamar saƙar zuma, sai dai su masu kusurwa huɗu ne. Lambar Resolution Divisions ita ke faɗin ɗaki nawa za'a raba gefen da ya fi tsawo. In akwatinka mita 2 ne ka sa 64, kowane ɗaki ya zama kamar santimita 3 da ɗan ɗori, in ka sa 128 ya koma kamar santimita 1 da rabi. Duba kusurwar akwatin zaka ga wani ɗan mitsitsin kube, to wanga shi ne girman ɗaki guda, kuma wallahi shi ne abin da ya fi komi muhimmanci a ekran ɗinka. Duk abin da ya fi shi siranta injin baya ganinshi da kyau. Ranar farko na yi bututu siriri mai kyau, na danna gashi, wato Bake da ke sa injin ya lissafa motsin ruwan, na jira, ko ɗigo bai fito ba, na riƙa canza saituttuka ina zaton wani abu na manta, ashe bututun ne bai kai kaurin ɗaki guda ba. Yanzu ƙa'idata ita ce kaurin abin da ke fidda ruwa ya kai ɗaki 2 zuwa sama. Kuma kada ka ce bari kawai in ninka lambar, dan in ka ninka ta sau 2 ɗakunan sau 8 suke ƙaruwa tunda tsawo da faɗi da tsayi ne duka suka ninku. Gara ka matse akwatin ya kama layin kamkam, kada ka bar fili na banza sama da ƙasa kana biyan kuɗin lissafinshi da lokacinka.

Zanen layin ma akwai magana. In rubutu kake so kada ka ɗauko haruffan Text ka maida su layi, abin da zai baka shi ne gefen haruffa, kewayensu, ba tsakiyar da alƙalami ke bi ba, sai ka ga ruwan na zagaye harafi maimakon ya rubuta shi. Ka sa layin Bezier, ka shiga gyara da Tab, ka goge ɗigoginshi, ka ɗauki kayan Draw ka rubuta sunan da hannunka a jere ba tare da ɗaga hannu ba, kamar rubutun haɗe da aka koya mana a lakwal. Layi guda ɗaya tal ya fi sauƙin sarrafawa nesa ba kusa ba. In ka gama ka duba ta ina ya fara, in ta baya ya faro akwai Switch Direction cikin Segments. Sannan ka fita gyara ka danna Ctrl da A ka zaɓi Scale, ga layin da akwatin duka. Wanga ɗan abu na raina shi da farko, amma rabin abubuwan ban mamaki da ke faruwa daga rashinshi suke.

Yanzu buta, hanya mai sauƙi tukunna. Ka sa ƙaramar ƙwallo, ka bata Fluid, Type ya zama Flow, Flow Type ya zama Liquid, sai ka tabbata Flow Behavior na kan Inflow, dan in Geometry ne sau guda zai zuba a firem na farko, wato hoton farko na bidiyon, shikenan ya yi shiru. Sai ka ba ƙwallon Follow Path cikin constraints, ka nuna mata layin, ka kunna Fixed Position, zaka samu Offset Factor mai tahiya daga 0 zuwa 1, 0 farkon layi 1 ƙarshenshi. Ka sa kifirem, wato alamar da ke riƙe lamba a wani firem, na 0 a firem 1, na 1 a firem 96 misali. In ƙwallon ta kauce daga layi to asalinta ne ba'a tsakiya ba, danna Alt da G ta koma.

Ga inda zan tsaya in daɗe dan nan ne aikin yake. Blender da kanshi yana sa kifirem ya fara a hankali ya ƙare a hankali. Ga motsin kyamara abu ne mai kyau, ga buta masifa ne, tunda duk inda inna ta rage sauri nan ruwa ke taruwa ya yi taɓo. Sai ka ga harafin farko da na ƙarshe sun kumbura, na tsakiya sun rame. Ka shiga Graph Editor ka danna T ka zaɓi Linear, saurin ya zama ɗaya tun daga farko har ƙarshe. Bayan nan in kana so wani wuri ya fi kauri da gangan kai ne zaka rage sauri a wurin, da saninka.

Sai lissafin tsalle. Injin baya ganin tahiyar ƙwallon, inda ta tsaya a kowane firem kaɗai yake gani. Nawa layin da na auna tsawonshi ya kusa mita 6 duk da akwatin mita 2 ne, saboda hawa da saukar haruffa. Mita 6 cikin firem 96, wato daƙiƙa 4 in kana kan firem 24, ya kama santimita 6 da kwata kowane firem. Ƙwallona kuma santimita 4 ce. Kaga kenan kowane firem tana tsallake gurbin da ya fi jikinta, abin da ya fito sai ya yi kama da carbi, ƙwaya ƙwaya a jere da giɓi a tsakani. Maganinshi Sampling Substeps da ke jikin ƙwallon, shi ne ke sa a duba inda ta biyo tsakanin firem da firem a cike gurbin. Na sa 3 carbin ya haɗe ya zama igiya. Kada ka zuba 20 dan kana jin tsoro, kowane ƙari lokaci ne. Ka raba tsallen da kaurin ƙwallon, ka ƙara 1 ko 2 a kai, ya isa. Kuma kada ka haɗa shi da Timesteps na jikin domen, wancan na motsin ruwan ne bayan ya fito, wanga na bakin buta ne.

Kunnawa da kashewa kuma akwai ɗan akwatin Use Flow, shima yana karɓar kifirem, ka ɗora suri a kanshi ka danna I. Da shi ne zaka yanke ruwa tsakanin kalma da kalma, butar ta wuce a rufe ta sake buɗewa a kalma ta gaba. Ka riƙa rufewa firem 1 ko 2 kafin ƙarshen kalma dan abin da ya riga ya fito yana ɗan ƙara gaba.

Wagga hanya ta ƙwallo tana aiki, amma ni yanzu ban cika amfani da ita ba, na koma Geometry Nodes, wurin da ake gina abu ta haɗa ƙananan akwatuna da ake kira nod, saboda yana bani iko da kauri da tsawo a kowane gu na layin. In sigarka ta kai 3.1 kana da duk abin da zan ambata. Ka sa kowane irin mesh, ko kube ne, ka bashi Geometry Nodes, ka cire jikinshi na asali, ka jawo layinka da Object Info ka sa shi kan Relative. Sai Trim Curve, sai Resample Curve, sai Curve to Mesh da Curve Circle a matsayin bakin bututu, ka kunna Fill Caps dan bututun ya rufu gaba da baya, abin da bai rufu ba injin baya sanin cikinshi da wajenshi. Sannan ka ba wanga abu Fluid Flow kamar yadda muka yi ma ƙwallo, amma ka leƙa jerin modifaya ka tabbata Fluid na ƙarƙashin Geometry Nodes. In yana sama to kuben asali zai riƙa gani, kai kana kallon bututu shi yana zuba ruwa daga kube.

Trim Curve nada Start da End. In ka bar Start a 0 ka motsa End daga 0 zuwa 1, bututun na tsawo ne kuma duk inda ya kai yana ci gaba da zuba, wato tiyo mai huji kenan wanda ake ta warware shi. Ga hayaƙi ko wuta mai bin layi wanga ya yi daidai, kamar wutar da ke cin igiya. Ga rubutun ruwa kuwa zai cika maka akwati, dan harafin farko na ta zuba har a gama na ƙarshe. Abin da zaka yi sai ka sa Start ya riƙa bin End a baya da ɗan tazara, ka ɗauki lamba guda ka kai ta End, ka rage mata 0.02 da nod ɗin Math ka kai Start. Sai ya zama ɗan guntun bututu kamar tsutsa yana rarrafe kan layin. A layin mita 6, 0.02 santimita 12 ne, ya fi tsallen santimita 6 ɗin nan, dan haka giɓin carbi baya samun wuri tun asali. Wanga kaɗai ya isa dalilin da zai sa ka koyi hanyar.

Na ce Trim tukunna sannan Resample, kuma da dalili. Injin na gane saurin abin da ke zuba ruwa ne ta hanyar kwatanta inda kowane ɗigon jikinshi yake yanzu da inda yake a firem da ya wuce. In yawan ɗigogin ya canza daga firem zuwa firem ba abin da zai kwatanta, sai ya ɗauka abin a tsaye yake. To in ka yanka sannan ka sake rabawa da Count, ka ce 12 misali, kullun ɗigo 12 ne komin inda tsutsar ta kai. In ka juya tsarin yawan zai riƙa hawa da sauka, ruwan ya riƙa fizga wani firem ya tsaya wani firem. Na ɓata yini guda cur kafin in gano wanga.

Yawan ruwa a kowane gu kuma kauri ne ke bada shi. Cikin gyaran layi in ka zaɓi ɗigo ka danna Alt da S zaka ƙara mishi kauri ko ka rage, sai ka yi kamar mai rubutun allo da alƙalamin kara, inda hannu ke saukowa ya yi kauri, inda yake hawa ya sirance. In ka fi son nod, Spline Parameter na baka lamba daga 0 zuwa 1 a tsawon layi, ka bi da ita ta Float Curve ka zana yadda kake so, ka kai Set Curve Radius. Amma ka sa wanga kafin Trim. In ka sa shi bayan Trim to 0 zuwa 1 ɗin na tsutsar ne ba na dukan layin ba, wanda shima yana da amfani in kana so tsutsar ta yi kai mai kauri da wutsiya siririya. In sigarka sabuwa ce ka ga Curve to Mesh nada wurin Scale, ka haɗa nod ɗin Radius can. Sirantar dai kada ta wuce ƙa'idar ɗaki 2, in dole sai ta wuce ka ɗan ɗaga Surface Emission, shi da ɗakuna ake auna shi, yana ƙara ma bututun kauri a idon injin ba tare da ka taɓa jikinshi ba.

To ruwa ya fito inda muke so, lokacin da muke so, da yawan da muke so. Ina zai nufa? Cikin Initial Velocity akwai Source da Normal da kuma X Y Z. Source shi ne ruwan ya gaji saurin butar. In ka barshi a 1 a rubutu, duk inda layi ya yi kwana ruwan zai wuce miƙe kamar dutsen majajjawa da aka saki, haruffa su yi ta feshi a kowace kusurwa. Ga rubutu ni ƙasa sosai nike sa shi, ko in kashe gaba ɗaya. Ga abu mai kama da tauraro mai wutsiya ko ruwan da ke zagaye kwalba a guje kuwa shi ne gishirin abin. Normal na tura ruwa waje daga fatar bututu ta kowane gefe, ya dace da tiyo mai feshi. X Y Z kuwa da duniyar fayil ɗin yake aiki ba da layi ba, in ka ce sama to sama ne komin inda layi ya juya.

Sai nauyi. Rubutu a iska ba zai tsaya ba in ƙasa na janshi, dan haka ka je Field Weights na domen ka maida Gravity 0. Ko da haka ruwan zai riƙa bajewa a hankali dan sabo na ture tsoho. Nan ne nike sa riƙo. Ka kwafi layin, ka ba kwafin Force Field irin Force, Shape ya zama Curve, Strength ya zama lamba ta ƙasa da sifili dan ya jawo maimakon ya ture. Fara da kaɗan ka gwada, in ya yi yawa ruwan zai riƙa ketare layin yana dawowa yana rawa. Kuma ka kunna Max Distance ka matse shi, in ba haka ba harafi zai riƙa satar ruwan maƙwabcinshi, musamman inda rubutu ya zo kusa da juna. Akwai wani mai suna Curve Guide, sunan na ruɗar mutane su ɗauka shi ne maganin, to shi an yi shi ne dan tsohon tsarin ƙwayoyi da gashin kai, wato Particle System, kada ka ɓata lokacinka dashi kan ruwan Mantaflow.

In kuma abin da kake so shi ne ruwa ya gangara ya bi hanya da nauyinshi, kamar lemu na zagaye kwalba yana sauka, ni shawarata ka bar ƙarfin jawowa ka gina kwata ta gaskiya. Ka yi bututu mai faɗi daga layin, ka maida shi mesh, ka bashi kauri da Solidify, ka sa shi Fluid irin Effector kan Collision, ka ɓoye shi daga renda, wato hoton ƙarshe da za'a fidda. Ruwan zai bi shi dole kuma motsin zai fito na gaske dan bango ne ke juya shi. In yana yoyo bangon ne ya yi siriri, ka ƙara kauri ko Surface Thickness.

Hayaƙi da ƙura da tartsatsi sun fi sauƙi, zan bi su da sauri. Ga hayaƙi akwai Vertex Group a jikin Flow, ka maida layin mesh mai kauri ka shafa mishi nauyi da Weight Paint, inda ya yi ja hayaƙi ya yi yawa, inda ya yi shuɗi babu. Ka kunna Dissolve a domen dan wutsiya ta riƙa ɓacewa, da Adaptive Domain dan akwatin ya riƙa bin hayaƙin maimakon lissafa fili duka. Sannan ga wata dabara ta tsohon tsarin ƙwayoyi da nike so sosai, ka maida layi mesh ba tare da kauri ba, ɗigogi ne kawai a jere, ka bashi Particle System, ka ce ya fidda daga Vertices, ka cire alamar Random Order. Shikenan ƙwayoyin zasu riƙa fitowa bi da bi daga farkon layi zuwa ƙarshe tsakanin Frame Start da End ba tare da ko kifirem guda ba. Ka dai tabbata ɗigogin tazararsu ɗaya ce, in ba haka ba zai yi gudu inda suka yi nisa da juna ya yi jinkiri inda suka cunkushe. Waɗanga ƙwayoyi kana iya maida su tushen hayaƙi ta Flow Source, amma hayaƙi da wuta kaɗai, ruwa baya karɓa. Kuma nan ne Curve Guide ke aiki, ƙwaya na cinye tsawon layin cikin tsawon rayuwarta, dan haka Lifetime shi ne saurinta.

Wanda ke da Houdini, wani ɗan uwan Blender a aikin 3D, tunanin ɗaya ne, Resample na baka curveu mai tahiya daga 0 zuwa 1 ka yanka da shi, ga POP Curve Force na jan ƙwayoyi su bi layi. RealFlow ma nada mai zubawa daga layi da kuma DSpline. Suna ne ya bambanta.

Maganar gashi kuwa ta shafe mu nan fiye da waɗanda muke kallon darussansu. Mantaflow da processeur yake lissafi ba da katin hoto ba, kuma a watan Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40 ordinater na rage gudu da kanta in ta ɗau zafi. Ni da dare nike gashi, na ɗora ta kan bulo biyu iska na shiga ta ƙasa, bantilater na kaɗa mata. Ka ajiye fayil ɗin tukunna kafin komi dan ma'ajiyar gashin ta zauna kusa dashi ba cikin wurin wucin gadi ba. Duk gwaje-gwajen lokaci da hanya ka yi su a 48 ko 64 da Cache kan Replay kuma Mesh a kashe, kallon ƙwayoyin kaɗai ya isa ka gane ko tsutsar na tahiya daidai, sai dai ka tuna a 64 ɗakuna manya ne dan haka wurare masu siranta zasu iya ɓacewa, wanga ba laifin saitinka bane. In ka gamsu ka maida Modular, ka kunna Is Resumable, ka ɗaga lambar. Amfaninshi shi ne kana iya danna Esc gashin ya dakata, ka ajiye fayil, daga baya ka ci gaba. Wani dare kuran ya ɗauke min ana firem na 80 da wani abu, batir ɗina kuma ba ta riƙe caji, aikin awoyi ya tahi, naji ciwon abin ƙwarai dan gobe ne na yi ma Elhaji alkawari. Tun ranar nike yi gunduwa gunduwa, firem 30 in dakata in ajiye. Renda ma ka fidda shi hotunan PNG ɗaya bayan ɗaya sannan ka haɗa su bidiyo, in an ɗauke ka tashi daga inda ka tsaya.

Zubewar ƙarshe ita ce mafi sauƙi. A firem 96 rubutu ya cika na kashe Use Flow, na barshi ya tsaya har firem 130 dan mai kallo ya samu ya karanta sunan, sannan cikin firem 6 na maida Strength na riƙon 0 na dawo da Gravity 1. Kofin na sa shi Effector, na faɗaɗa bakinshi da wani mazurari da na ɓoye daga renda dan haruffan gefe su gangaro ciki, kuma a gindin kofin na sa ƙaramin Outflow yana shanye rarar da zata sa ya ambaliya. Launin zoɓon da Volume Absorption na yi shi cikin gilas, ja mai duhu inda ruwa ya yi kauri, mai haske a bakin haruffa, dan in ka shafa ja a fata kawai fenti zai yi kama. Da na kai mishi a kile ya sa ɗanshi ya tura mishi a WhatsApp, ya kalla sau uku a tsaye bakin shago, sannan ya ce a rage saurin harafin farko dan tsofaffi su iya bi da ido. Na koma Graph Editor na ja kifirem ɗin farko baya da firem 12, na rage kaurin wurin da Alt da S dan kada jinkirin ya tara ruwa, na sake gashi daren nan.